Ku Tambaya Mu Amsa: Tattakin Safe da 'Yan Unguwa

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka taru wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato tattakin nan da mutane suka fara fita yi rukuni-rukuni da sassafe, shi ne na ga gara a haɗa su waje guda. Wasu na rage musu tsayi, masu su su yi haƙuri. Masu tambayar basir da olsa kuma sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kwari, shekarata 52, tun bara aka ce ina da hawan jini likita ya ce in dinga tattaki. Na sha farawa ni kaɗai ina watsarwa, 'yan kwanaki sai jiki ya mutu. To muna da majalisa a ƙofar gida kuma kusan rabinmu kowa da ƙwayar da yake haɗiya, shi ne nake tunanin ko mu mayar da abin na taro. Ya za mu fara? Kuma da gaske tafiya kawai tana sauke jini?
Wani Alhaji daga Gwammaja

AMSA: Alhaji Allah ya ƙara lafiya, ai ka riga ka gano bakin zaren da kanka. Mutum shi kaɗai in ya dawo daga sallar asuba ya haɗa ido da katifa to magana ta ƙare, ba mai tuhumarsa. Amma in ya san ga mutum huɗu can tsaye a ƙofar masallaci suna jiransa, kuma ya san in bai fito ba da yamma shi za a sa a faifai a majalisa, wallahi kunya kaɗai ta isa ta fito da shi. Duk wani bayani da zan yi a ƙasa bai kai wannan muhimmanci ba, domin tattakin da aka yi sati biyu aka bari ba abin da zai tsinana wa jini.

Eh tana saukewa. Mai hawan jini in ya dage da tafiya mai ɗan sauri na 'yan watanni, lambar sama ta awon jininsa takan sauka da kamar 5 zuwa 8. Kar ka raina wannan, ga wanda yake kan 145 shi ne bambancin ƙara masa ƙwaya ko barinsa a kan wadda yake sha. Amma fa ba a ajiye magani don an fara tattaki, likitan da ya ɗora ka shi zai rage in ya ga awo ya yi kyau. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idar da ta fitar a 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici, ka ga minti 30 sau biyar a sati ya kai ka matakin farko kenan.

Kuma abin ba sabo ba ne. Tun 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya duba ma'aikatan manyan bas-bas ɗin Landan masu bene, direba yana zaune wuni guda, kwandasta yana hawa yana sauka yana karɓar kuɗi, mota ɗaya gari ɗaya, sai ya tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin nesa ba kusa ba. Yanzu ka dubi wuninka Alhaji, daga ƙofar gida mota ko adaidaita, a shago kana kan dila ko kujera har la'asar sakaliya, abinci yaro ne zai kawo, banki yaro ne zai je, ka dawo ka zauna a benci har bayan isha'i. Mu da kakanninmu suka je Gwanja fataucin goro da ƙafa da jakuna, yau daga Mandawari zuwa Kurmi sai mutum ya tsaya tarar adaidaita.

Farawa kuwa ba wuya. Ku haɗu a masallaci, ku ɗan zauna azkar har gari ya yi haske tukuna, kar ku fita da duhu. Satin farko minti 15 ya isa, ku tafi minti bakwai-takwas ku juyo, duk sati a ƙara minti biyar har ku kai 30 ko 40. Saurin da ake so shi ne wanda za ka iya hira da na kusa da kai amma in aka ce ja ƙira'a numfashi ba zai kai ba. In hira ta gagara kun yi sauri da yawa, in kuma ana ta musun siyasa ana tsayawa ana nuna yatsa to majalisa kuka ɗauko kuka fito da ita titi. Na san Dutsen Dala na kusa da ku kuma wani zai ce a hau, ku bari sai kun yi wata biyu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, matakalar nan tana sa matashi ma haki.

Sai wata shawara da ba ka tambaya ba. Don Allah kar ku naɗa shugaba da sakatare da ma'aji, kar a yanka kuɗin wata, kar a ce sai an buga riga mai suna. Da zarar kuɗi ya shigo wanda bai biya ba zai fara ɓuya, daga nan sai gutsiri-tsoma, sai a watse. Karo-karo ɗaya na yarda da shi, ku sayi na'urar awon jini ta dantse guda ɗaya a ajiye wajen mutum ɗaya, duk Asabar kafin a fita kowa ya zauna minti biyar a auna shi a rubuta a littafi. Wanda aka samu 180 bisa 110 ko sama, ranar ba tattaki, asibiti zai nufa. Haka duk wanda ya ji ƙirji ya ɗaure ko ciwo na sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko gumi mai sanyi, a zaunar da shi a nemo abin hawa, kar a tsaya cewa bari ya huta ya wuce.

TAMBAYA: Malam ni matar aure ce da yara huɗu. A Islamiyyarmu ta matan aure mu bakwai muka yi shawarar fara tattaki, maigidana bai hana ba amma ya ce me mutane za su ce a ga matan aure suna zaga unguwa ba biki ba suna. Wata a cikinmu kuma ta ce ai aikin gida ma motsa jiki ne ba sai mun wahalar da kanmu ba. Sannan ɗaya tana da ciki wata biyar, za ta iya bin mu?
Maman yara, Sheka

AMSA: Hajiya ki gaida maigida, maganarsa ba shirme ba ce, garin nan mun san shi, bakin mutane ya kashe abubuwa masu kyau da yawa. Sai dai abin yana da mafita kuma tana hannunku. Ai kuna zuwa Islamiyya, to ku daina hawa adaidaita, ku biya wa juna gida-gida ku taka da ƙafa, in makarantar ta yi kusa da yawa ku bi ta doguwar hanya. Wa zai ga mata da hijabi da jakar littattafai ya ce ina za su? Kuɗin motar ma ya huta. In kuma kuna son waje a killace, ku sa malaminku ya yi magana da hedimastan firamaren unguwa mai katanga a ba ku filin ranar da ba karatu, ku zaga abinku ba mai kallo. Abin da zan roƙa kawai a sa kanbas da safa a ƙarƙashin hijabin, silifas da takalmi mai tsini ba na wannan aikin ba ne, kuma lokacin zafi a zaɓi yadi mara nauyi mai haske. Wanda ya ce motsa jiki bai dace da mace ba a tuna masa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake ya wuce ta.

Ita mai cewa aikin gida ya isa, da gaskiyarta rabi. Daka, surfe, jan ruwa a rijiya, wanki da hannu, shara a sunkuye, duk aiki ne na gaske. Amma ta faɗi tsakaninta da Allah yaushe rabonta da taɓarya? Markaɗe inji, ruwa ɗan garuwa, wanke-wanke 'yar aiki ko yara, girki a zaune kan kujera 'yar tsuguno. Gajiya ana gaji kam, amma gajiyar tsayuwa da hayaniyar yara daban, bugun zuciya ya ɗaga na minti 20 a jere daban. Sannan akwai abin da shara ba za ta ba ki ba, wato ki fita ki sha iska da 'yan uwa mata ki amayar da abin da ke cinki. Matan da ke wuni cikin gida da damuwa da rashin bacci suna da yawa, ba sa faɗa ne kawai, kuma tafiya a kai a kai tana rage damuwa tana gyara bacci, balle an haɗa da abokan hira.

Mai ciki ta fara tambaya a wajen awo. In sun ce cikin lafiya lau yake ba matsalar mahaifa ko jini, to tafiya tana cikin abin da ake so ta yi, ita ma minti 150 ɗin ne a sati amma a hankali da gorar ruwa a hannu. In ta ga jini ko ruwa, ko mara ta murɗa, ko kai ya sara da jiri, ta tsaya a kai ta asibiti.

TAMBAYA: Malam a guruf ɗinmu na WhatsApp kullum da daddare kowa sai ya turo hoton takun da wayarsa ta ƙirga, wanda bai kai 10,000 ba a yi ta yi masa tsiya. Ni da ƙyar nake haura 6,000. Asara nake yi kenan?
Ɗalibi, Rijiyar Zaki

AMSA: Ƙanena kwantar da hankalinka. Lambar nan ba daga asibiti ta fito ba, daga talla ta fito. A 1965, shekara guda bayan gasar Olamfik ta Tokyo, wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ya fitar da 'yar na'urar ƙirga taku ya yi mata tallan taku 10,000, lamba ce mai daɗin faɗa sai duniya ta ɗauka. Da masu bincike na Jami'ar Harvard suka bi diddigin tsofaffin mata sama da 16,000, sakamakon ya fito a 2019, sai aka ga masu taku wajen 4,400 a rana mace-mace ya yi ƙasa sosai a cikinsu in aka kwatanta da masu 2,700, amfanin ya yi ta ƙaruwa har wajen 7,500 daga nan ya daidaita. Tsofaffi ne fa, matsakaicin shekarunsu 72, kai da jini a jika in ka ƙara ba laifi, taku 10,000 bai wuce kilomita 7 zuwa 8 ba kuma wanda ke karatu a sabuwar BUK, wato Jami'ar Bayero ta Kano, in ya daina jiran mota tsakanin ajujuwa zai haɗa rabi bai sani ba. Amma 6,000 ba asara ba ce. Kuma wasu 'yan guruf ɗin naku ramukan titi ne ke ƙirga musu, waya tana aljihu adaidaita na jijjiga.

Abin da ya fi damuna a saƙonka wayar ce. Ka san halin da ake ciki da masu ƙwacen waya a garin nan, kuma asuba da bayan magariba su ne lokutansu. Ku fita a tare, a bar manyan wayoyi a gida, mutum ɗaya ya riƙe ƙaramar rakani-kashi saboda ko-ta-kwana, agogon hannu ya isa ƙirga minti. Ban da toshe kunne da iyafis, kuma a titin da ba gefen masu ƙafa ku bi ɓangaren da kuke fuskantar motoci masu tahowa. In tsautsayi ya gitta aka tare ka, miƙa musu kawai.

TAMBAYA: Babanmu shekararsa 68 yana da suga yana allurar insulin, abokansa na masallaci sun fara tattaki yana so ya shiga mu kuma muna tsoro. Ga shi ya ce suna da sauri, ranar da ya gwada a baya suka bar shi.
'Yarsa, Gyaɗi-gyaɗi

AMSA: Allah ya yi miki albarka da kula da Baba. Ku bar shi ya shiga amma da shiri. Haɗarin mai allurar insulin, ko mai shan ƙwaya irin glibenclamide wadda aka fi sani da Daonil, shi ne suga ya faɗi ƙasa in ya yi tafiya ciki ba komai, metformin ita kaɗai ba ta cika yin haka ba. Don haka ya gaya wa likitansa ya fara tattaki ko za a taɓa awon allurar, ya ɗan sa wani abu a ciki kafin ya fita, kuma kullum a aljihun rigarsa a samu dabino uku ko ƙwayoyin suga na kwali. Alamun su ne karkarwa, gumi, yunwa mai tsanani, ganin dishi-dishi, wani sai ya fara magana ba kan gado ko faɗa ba dalili. In kuna da na'urar gwaji, ƙasa da 70 ya faɗi kenan. Kuma lallai abokan su san wannan, nan ne amfanin tafiya da jama'a yake, mutum shi kaɗai in abin ya same shi a lungu sai a ɗauka aljanu ne ko maye. In yana cikin hayyacinsa a ba shi dabinon ko rabin kwalbar lemo, in ya suma kar a ɗura masa komai a baki, asibiti kai tsaye.

Sai ƙafa. Suga in ya daɗe yana kashe jin ƙafa, tsakuwa za ta shiga takalmi ta yi rauni mutum bai ji ba, kuma irin wannan ƙaramin raunin ne yake zama gyambo. Kanbas mai faɗin baki da safa ta auduga, a zazzage takalmin kafin a sa, in ya dawo ke ko wani jika ya duba tafin ƙafar da tsakanin yatsu. Ga mai suga ma tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana da amfani na musamman don tana rage tashin da suga ke yi bayan tuwo, sai ya ci abincin dare da wuri ya taka zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa sallar isha'i, ga lada a kowane taku.

Barin sa a baya kuwa kuskuren abokan ne, a gaya musu cikin ladabi. Kowane rukuni ya kamata a samu mutum ɗaya da aikinsa shi ne zama na ƙarshe, ba ya wuce kowa. Masu sauri in sun kai kwana su juyo su tarar da na baya sannan a ci gaba, sun ƙara taku kuma ba wanda ya ji an raina shi. Dattijo in aka bar shi a baya sau biyu ba zai yi ƙorafi ba, cewa zai yi gwiwa ce ta hana shi fitowa.

Ku 'ya'yansa kuma da ku nake, tunda abin yana bin jini. Wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 2002 kan mutum sama da 3,000 da suga ke dab da kama su ya nuna waɗanda suka rage ƙiba kaɗan suka riƙe minti 150 na motsa jiki a sati, akasari tafiya, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari, waɗanda aka ba metformin kuwa kashi 31.

TAMBAYA: Malam wata uku kenan muna tattaki mu shida, ba fashi, amma tumbina ko gezau. In mun gama mukan ɗan zauna wajen mai shayi mu karya. Ina matsalar take?
Ma'aikacin gwamnati, Hotoro

AMSA: Yallaɓai ai ka amsa da kanka a layi na biyu. Mutum mai kilo 70 in ya yi tafiyar minti 30 da sauri abin da zai ƙona bai wuce kalori 150 ba (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki), lemon roba guda na rabin lita ya haura 200. To ina ga shayi mai kauri da madara da suga cokali huɗu, biredi rabi, ƙwai uku, wani ma har da indomi. Ban ce a daina zaman mai shayin ba, ina kyautata zaton shi ne ma yake riƙe da ku shidan, a dai ce masa ya rage hannu, ko a koma ƙosai da koko ba suga sosai. Tumbi a kwano ake rage shi, tafiya taimakawa take. Kuma kar sikeli ya karya maka gwiwa, jini da suga da bacci suna gyaruwa ko nauyi bai motsa ba. In ya fara sauka kuma, duk kilo ɗaya da ka zubar gwiwarka ta huta da nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku.

TAMBAYA: Ya za mu yi da hunturu da azumi? Bara a nan namu ya watse.
Wani malamin makaranta, Kurna

AMSA: Malam lokaci ake canzawa ba a tsayawa, in aka ce a huta sai bayan sallah to an huta kenan har abada. Da hunturu ku jinkirta sai rana ta ɗan fito, ranar da hazo ya rufe gari a sa takunkumi a rage tafiyar, mai asma ya riƙe inhela ɗinsa ko ya zauna a gida. Daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40 a gama kafin bakwai da rabi. Da azumi ku mayar bayan asham, minti 20 a titi mai fitila ya wadatar, mai suga dai kar ya yi tattaki da yamma da azumi a bakinsa.

TAMBAYA: Ni da hajiyata mun biya kujerar Makka, ita shekararta 63 ba ta saba tafiya ba. Tattakin zai taimaka?
Wani magidanci, Fagge

AMSA: Allah ya sa a je a sa'a. Sosai ma, kuma ku fara gobe. Safa da Marwa kaɗai tsakaninsu kusan mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita uku, ga ɗawafi kafin nan wanda in cunkoso ya tura ku hawa na sama zagayen ya ninka, ga tafiya daga tantin Mina zuwa wajen jifa a dawo kwana uku a jere cikin rana. Ka nemo mata maniyyata mata biyu ko uku a unguwa, a wajen bita ma za ku same su, su dinga fita tare ana ƙara minti biyar duk sati har Hajiya ta iya awa guda ba ta zauna ba. Takalmin da za ta tafi da shi a saya yanzu ta dinga tattakin da shi ya saba da ƙafarta, sabon takalmi a Mina sai ya sale mata dunduniya tun ranar farko. In tana da ciwon gwiwa ko jini ku faɗa a wajen gwajin lafiyar maniyyata, kuma ka tanadi kuɗin keken turawa a gefe ko da za a buƙata.